Barolo, giyar da sai ta tsufa

Wato Barolo dai jar giyar inabi ce daga Piemonte, can arewa maso yammacin Italiya, a tuddan Langhe kusa da garin Alba. Inabi iri ɗaya tak ake yinta da shi, Nebbiolo, kuma sai cikin Oktoba ake tsinke shi lokacin hazo ya lulluɓe gonakin. Abin da ya ɗaure min kai, doka ce fa sai ta yi wata 38 a ajiye kafin a sayar, 18 daga ciki a gangar katako. Tana sabuwa bauri gareta har baki ya bushe, amma in ta kwana biyu sai ta yi laushi, jan nan ya koɗe ya koma kalar jan bulo, ƙamshin fure da na kwalta na tashi. Kwalta fa!