Ƙona iskar firji da filasma: aikin yana bayan wutar

Iskar da aka daɗe ana ɗura wa firji da na'urar sanyaya ɗaki, irin wadda ake kira R-12, ba ta kama wuta, ba ta kuma lalacewa da sauƙi. Don haka aka so ta, don haka kuma take da wuyar kashewa. Kilo ɗaya na R-12 yana ɗumama duniya kamar kilo 10,900 na iskar kabon, ga shi yana cinye ozon, wato rufin iskar da ke kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kafa wa irinta takunkumi, gyaran Kigali na 2016 ya haɗo da dangin iskar da suka maye gurbinta, wato HFC irin su R-134a. Duk injin da zai lalata iskar da aka tara a silinda, sai ya kashe kashi 99.99 cikin ɗari kafin a amince da shi.

A tsarin PLASCON da aka ƙera a Ostireliya, ana tura iskar argon ta tsakanin sandunan lantarki biyu, ta zama filasma, wato iskar da lantarki ya mayar harshen wuta, mai zafin da ya haura digiri 10,000. A bakin wutar ake feso iskar firjin tare da tururi, su gauraya a kusan digiri 3,000, su ratsa wani bututu cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Nan haɗin kabon da fulorin da kulorin, sinadaran da suka haɗu suka yi R-12, yake tsinkewa.

Kowa wutar yake kallo, amma a ganina tururin ya fi ta muhimmanci, don shi ke kawo sinadarin haidurojin. Idan fulorin bai sami haidurojin da zai kama ba, komawa yake ya manne wa kabon, ya haifi wasu iskoki masu ɗumama duniya, R-13 ko CF4. Ita CF4 tana shekara kusan 50,000 a sararin sama. An gudu ba a tsira ba ke nan. A lissafi, kilo ɗaya na R-12 yana buƙatar tururi giram 300, amma ana zuba fiye da haka don kada a samu giɓi.

Abin da ke fitowa daga bututun cike yake da asid: kusan giram 330 na asid ɗin fulorin (HF) da giram 600 na asid ɗin kulorin (HCl) a kowane kilon R-12. Ana kwara masa ruwan kostik soda nan take, zafin ya faɗo ƙasa da digiri 100. Saurin nan ba ado ba ne. Hayaƙi mai kulorin idan ya daɗe tsakanin digiri 250 zuwa 400, gubar dayoksin yake haɗawa. Kostik ɗin ma ba kaɗan ba, aƙalla kilo 1.3 a kan kowane kilon R-12. Ruwan gishirin da ya rage bayan kostik ya kashe asid ɗin sai a zuba masa sinadarin kalsiyam, fulorin ya kwanta a ƙasa, a tace.

Yawancin matsala daga silinda take farawa. Iskar da aka zuƙo daga tsohon firji tana zuwa da man kwamfiresa, wani lokaci gauraye da wata iskar daban. Man yana yin kunkunniya ya toshe bakin feshi, gaurayen kuma ya rikita ma'aunin tururi. Shi ya sa ake gwada kowace silinda a raba man tukuna. Sandunan lantarkin suna cinyewa da aiki, kuma da zarar ruwan da ke sanyaya su ya tsaya, dole injin ya yanke iskar firjin kafin ya kashe wutar, in ba haka ba ɗanya za ta fita ta bututun hayaƙi.