Idan ƙ da ɗ suka ƙi fita a kwamfutarka

Aikina buga takardu ne, galibi kundin ɗaliban Hausa da rubutun marubuta masu shirin kai wa maɗaba'a. Ƙorafin da na fi ji daga bakin masu kawo mini aiki shi ne, "Malam, kwamfutata ba ta jin Hausa." Wasu har sun riga sun biya kuɗi an goge musu Windows an sake ɗorawa, kuma matsalar tana nan daram. Abin yana yi mini ciwo, domin a mafi yawan lokaci babu abin da ya lalace. Sai dai cutar ba iri ɗaya ba ce, kuma kamannin ɓarnar da ke kan allo su ne za su gaya maka inda za ka taɓa.

Mafi sauƙi shi ne wanda bai san inda zai danna harafin ya fito ba. Windows na da tsarin kibod na Hausa tun zamanin Windows 7. Ka shiga wajen saitin harshe ka ƙara Hausa, ka riƙa sauyawa da maɓallin Windows tare da Space, sannan ka danne Alt na hannun dama ka buga b, d, k ko y. A Ubuntu da 'yan'uwanta na dangin Linux, wato masu aiki a madadin Windows, akwai tsari biyu, na Najeriya da na Ghana, kuma jerin maɓallansu ba lallai ya dace da abin da hannunka ya saba ba, don haka ka duba hoton tsarin kafin ka fara. Idan kana kan kwamfutar wani ba ka son taɓa masa saiti, a cikin Word ka rubuta 0257 ka danna Alt da X, ɗ zai fito. A Ubuntu kuwa Ctrl da Shift da U ne, sai lambar, sai Enter. Lambar ƙ 0199, ta ɓ 0253, ta ƴ 01B4.

Waɗannan lambobi suna bayyana wata matsalar da ta fi rikita mutane. Za ka ga ƙ ya fito sumul amma ɗ da ɓ sun zama akwati fanko, ko kuma sun fito da wata siffa dabam, sirara a tsakiyar kalma mai kauri. Dalili shi ne a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, ba unguwa ɗaya aka ajiye su ba. Ƙaramin ƙ da ƴ, da dukkan manyan huɗun, suna cikin rukunin ƙarin haruffan Latin, amma ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin da masana furuci ke amfani da su. Mai zana salon haruffa yana iya ɗaukar rukuni ɗaya ya bar ɗayan. Idan kwamfuta ta nemi harafi ta rasa, sai ta aro shi daga wani salon, shi ne kake ganin ya fita dabam. Idan ba ta samu inda za ta aro ba sai ta ajiye akwati. Rubutunka lafiyarsa ƙalau, riga kawai za ka sauya masa. Ni Charis SIL nake sa wa littafi, Andika kuma ga littattafan yara saboda haruffansa a buɗe suke, Noto Sans da DejaVu Sans ma suna da su duka, kuma kyauta ne. Mai Linux yana iya rubuta fc-list ":charset=0257" a tagar umarni ya ga duk salon da ke da ɗ a na'urarsa. In za ka kai maɗaba'a, ka mai da aikin PDF tukuna don salon ya tafi tare da shi.

Akwai kuma wanda zai buɗe fayil ya tarar "ƙasa" ta koma "Æ™asa", ɗ ya koma É—. Nan sauya salon haruffa ba zai yi komai ba. An ajiye fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8, inda kowane harafi mai ƙugiya ke cin gurbi biyu, sai manhajar ta karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, ta ɗauki kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa. Na fi ganin haka a jerin sunayen ɗalibai na CSV, irin fayil ɗin da ake buɗewa da Excel. Abu mafi muhimmanci: kada ka danna ajiyewa a wannan hali, domin za ka tabbatar da ɓarnar. Rufe shi, ka sake shigo da shi ta hanyar da za a tambaye ka tsarin haruffa, ka zaɓi UTF-8, wanda Excel ke nunawa da lamba 65001. LibreOffice shi da kansa yake tambaya tun wajen buɗewa.

Wadda ta fi cin mini lokaci ita ce ta tsofaffin fayiloli, inda za ka ga "qasa", "xaya", "varawo". Kafin Unicode ya wadatu, an samar da wasu salon haruffa na Hausa waɗanda suka ɗora haruffanmu a kan q da x da v, tunda boko na Hausa ba ya amfani da su. Hidima ce babba, ita ta ba mu damar buga littattafai da mujallu shekara da shekaru. Amma a cikin fayil ɗin q yana nan a q ɗinsa, salon ne kawai ke nuna shi a matsayin ƙ. Da ya je kwamfutar da ba ta da salon, ko aka kwafa shi zuwa intanet, sai asalin ya fito, kuma mai neman "ƙasa" ba zai taɓa samun wannan rubutu ba. Ra'ayina shi ne duk sabon aiki a yi shi da Unicode, tsofaffin kuma a juya su. Ina yin haka da nema-da-sauyawa, tare da kunna bambance babba da ƙarami don Q ya koma Ƙ, q ya koma ƙ. Sai dai ina fara ware manazarta da duk wani ɗauko na Turanci zuwa wani fayil, in ba haka ba kowace "University" sai ta lalace.

Saura batun 'y. A Nijar ƴ ake rubutawa, mu a Najeriya 'y muka saba. Word kan juya wannan alama ta koma buɗe zance, ta fuskanci ɗaya ɓangaren, musamman a farkon kalma irin "'ya'ya". Da zarar ta juya ka danna Ctrl da Z sau ɗaya, za ta dawo miƙe, ko kuma ka kashe gyaran alamomin zance a saitin AutoCorrect kafin ka fara babban aiki.