Kawu ya dawo Damagaram

Yau da la'asar na je gaida Kawu a Birni, ya dawo daga Tunisiya inda aka yi masa gashi, wato ƙona ciwon daji da haske mai ƙarfi daga na'ura, a furostat, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ana cikin hira ya ce abin da ya fi damunsa can shan ruwa ne. Kullum sai ya sha, ya jira mafitsara ta cika, sannan a kwantar da shi. Na'urar ta zagaya ta ɗauki hoton cikin jikinsa, a gwada da hoton sikana na farko, a matsa gadon da 'yan milimita, kana a saki hasken. Ya ce wata rana sauko da shi aka yi, wai mafitsara ba ta cika ba.

Na ce, "Kawu, duk wannan wahala?" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ashe kayan ciki ba sa kwana inda suka yini." Hoton ne ke sa hasken ya sauka kan ciwon, hanji da mafitsara su samu sauƙi. Ni dai tunanina na kan wanda ko kuɗin motar Yamai ba ya da shi.