Hadarin Oshkosh daga yamma yake tasowa: darussan da aikin shirya wa tawaga tafiya ya koya mini

Tunda na ajiye aikin shirya wa makanikan jirgi tafiye-tafiye, 'yan uwa daga Garwa da Marwa a arewacin Kamaru suke ta tambaya kan bajekolin jiragen sama na Oshkosh, a jihar Wiskonsin ta Amurka. Ƙungiyar EAA, ta masu sha'awar ƙera jirage da tuƙa su, ce ke shirya shi a filin jirgin Wittman tun 1970, mako guda cur a ƙarshen Yuli. Jirage wajen 10,000 ne ke sauka a yankin, mahalarta kuma sun haura 600,000. Ɗakunan otel na garin kan ƙare tun watanni kafin a fara, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake ƙarewa a tanti, a sansanin Camp Scholler da ke maƙwabtaka da filin. Sai akwai ɗan ƙungiyar EAA aƙalla ɗaya a cikinku kafin a ba ku wuri, kuma wanda ya riga zuwa shi ke zaɓar inda yake so.

Abin da ke kayar da mutanenmu ba rana ba ce. Wanda ya sha zafin Afrilu a bakin Binuwai ba zai ji tsoron ranar Wiskonsin ba, don haka sai ya cika jaka da hula da ƙananan riguna, ya manta da ruwa. Mu nan mun saba hadari daga gabas yake haɗowa, ko yaro ya san inda zai duba. A can kuwa galibi daga yamma ko kudu maso yamma yake tahowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, sau da yawa da maraice ko cikin dare. Baƙo sai ya bi al'ada ya juya wa gabas baya, ƙofar tantinsa ta kalli yamma. Iska ta shiga ta cika shi, ta tumɓuke turakun, sai a wayi gari katifa da fasfo duk sun jiƙe sharkaf. A 2010 ruwa ya yi yawa har sansanin ya koma taɓo, motoci suka riƙa kafewa.

Maganin ba shi da tsada. Ƙofa ta kalli gabas ko arewa maso gabas. A zaɓi tudu ko da na taƙi ɗaya ne, a guji kwari da inda ciyawa ta fi duhu da laushi, don nan ruwa ke kwanciya. Siraran turakun waya da ke zuwa cikin jakar tanti ba sa riƙe jiƙaƙƙiyar ƙasa. A sayi na ƙarfe masu tsawon santimita 25 zuwa 30, a kafa su a karkace, kansu na kallon nesa da tantin, sannan a ɗaure dukkan igiyoyin gefe, ba kusurwa huɗu kawai ba. Tamfol ɗin da ake shimfiɗawa a ƙasa kada ya leƙo waje ko kaɗan: duk abin da ya leƙo zai tare ruwan da ke gangarowa daga rufi ya kai shi ƙarƙashin mai barci. A naɗe bakinsa ciki. Rufin ruwa kuma a ja shi ya miƙe, kada ya taɓa bangon ciki, domin inda suka haɗu nan yake ɗiga. In tsawa ta fara, a bar tanti a shiga mota ko gini. Takardu da waya su kwana cikin leda mai zif.

Duk wannan bai kai kuɗin kwana ɗaya a otel ba, amma shi ne layin farko da shugaban tawaga ke sokewa a kasafi, ya ce ai tanti tanti ne. Mai faɗin haka a ɗaki mai na'urar sanyaya iska yake kwana. Da safe ya iso fes cikin gugaggen kaya, ya tarar da yaransa suna shanyar barguna a jikin shinge, ya rubuta a rahoto cewa sun makara. Rahoton ba ya ambaton turke. Duk wanda aka ɗora wa shirin, ya rubuta buƙatun a takarda, ya sa a sa masa hannu, ya ajiye kwafi.

Kada a ɗauko tanti daga gida. Manyan kantuna irin su Walmart suna da shi, kuma nauyin kaya ya ragu. Tukunyar gas ba ta hawa jirgi ko ta halin ƙaƙa, batirin ajiyar caji kuma a jakar hannu yake tafiya. Wutar lantarkinsu volt 120 ce, tamu 220, bakin soket ɗinsu daban ne: cajar waya za ta yi aiki da adafta, butar lantarki daga kasuwar Garwa kuwa ruwanta zai daɗe bai tafasa ba. Kilishi a bar shi gida, kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma duk abincin da ke jaka sai an bayyana shi. Tsiran da aka san Wiskonsin da shi yawanci na alade ne, a tambaya kafin a saya. Alƙibla a can arewa maso gabas take, magariba kuma sai bayan takwas na dare. Dare kan yi sanyi, a riƙe bargo da rigar sanyi ɗaya.

A cikin fili, takalmin da ƙafa ta saba da shi ya fi sabo, ga kuma taragun ɗaukar mutane kyauta. Abin toshe kunne wajibi ne idan jiragen yaƙi suka tashi. Ba a taɓa jirgin mutum, ba a shan taba kusa da jirage, ba a yar da ko murfin gora, don injin na iya zuƙe shi. Wasan jirage na dare Laraba da Asabar ake yi.

Maganar biza a fara ta da wuri a ofishin jakadancin Amurka da ke Yawunde. Masu fasfon Chadi su bincika matsayinsu kafin su biya ko sefa ɗaya, domin a Yuni 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga. Wanda hanyar ta toshe masa, akwai bajekolin Le Bourget kusa da Paris a watan Yuni na shekarun da ba sa rabuwa biyu, kwanaki uku na ƙarshe na jama'a ne, sai dai can babu sansanin tanti, masauki za a nema a gari.