Ashe gwaje-gwajenmu jingine suke da juna

Har yanzu idan na tuna raina yana sosuwa. Ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja ce da aka rubuta da harshen Python, muke kula da ita a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke aiki tare, dukkanmu masu sa kai. Gwaje-gwajenta, wato ƙananan shirye-shiryen da ke duba ko tana aiki daidai, suna jibge a folda guda, masu sauri da masu taɓa rumbun bayanai a cakuɗe. Na ɗauki nauyin raba su gida biyu, tests/unit da tests/integration. Ko layi ɗaya ban canza ba, fayiloli kawai na matsar.

Ina turawa, GitHub Actions, wanda ke gudanar da gwaje-gwajen da kansa idan an tura canji, ya nuna ja, alamar wasu sun faɗi.

Da na bi diddigi, sai na gano pytest, kayan aikin da ke gudanar da gwaje-gwajen, yana bin fayiloli ne bisa jerin haruffan sunayensu. Akwai wani gwaji da sunan fayil ɗinsa ke sa shi ya fara gudana, ya zuba masu amfani na bogi a rumbun SQLite, ya tafi bai share ba. Rumbun kuwa a conftest.py, fayil ɗin da ake ajiye abin da gwaje-gwaje ke amfani da shi tare, aka shimfiɗa shi da scope="session", wato sau ɗaya ake gina shi, kowa ya ci a kwano ɗaya. Duk na bayansa abin da ya bari suke samu. Da na raba folda, jerin ya sauya, wasu suka tarar da rumbu fayau, suka faɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaya daga cikinsu faɗuwar gaskiya ya yi. Manhajar tana tsayawa cak idan rumbun babu kowa a ciki, kuma haka rumbun duk wanda ya sauke ta a karon farko yake. Mutane sun sha kawo wannan ƙorafi, ana amsa musu da cewa gwaje-gwaje duk kore ne, wato babu wanda ya faɗi. Koren nan kuwa ba ya ganin sabon mai amfani ko kaɗan. Allah kaɗai Ya san nawa ne suka gwada, ta ƙi, suka tafi ba su ce uffan ba.

Na mayar da rumbun scope="function", kowane gwaji ya gina nasa a tmp_path, folda ta wucin gadi da pytest ke ba kowane gwaji. Gwaje-gwajen sun ɗan ƙara ɗaukar lokaci, wani abokin aiki ya yi ƙorafi, na sa pytest-xdist, wani ƙarin kayan aikin pytest, ya raba su tsakanin kawunan injin, maganar ta mutu. Sannan na shigar da pytest-randomly. Shi wannan yana hargitsa jerin a kowane zagaye, ya buga lambar da ya yi amfani da ita, idan wani abu ya faɗi ka ba shi lambar da --randomly-seed ya maimaita maka jerin daidai. A makon farko ya ƙara tono wasu masu jinginar.

Yanzu duk wanda ya turo sabon gwaji, kafin in duba kyan rubutunsa sai na fara gudanar da shi shi kaɗai. Idan bai tsaya da ƙafarsa ba, ba na haɗa shi cikin manhajar, ko na wane ne. Kai ma in za ka sake tsarin folda, sa pytest-randomly tukuna kafin ka matsar da fayil ko ɗaya.