Yoyo a Hanyar Ullapool

Ɗigo na farko a goshin Kawu ya sauka, wajen ƙarfe biyun dare, muna kwance a ƙauyen Applecross. Ina jin sa ya yi salati cikin barci, ya shafa fuska, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, ɗakin naka yoyo yake."

Ɗakin da yake nufi mota ce. Tsohuwar Ford Transit na saya a hannun wani Bature a Manchester, wanda ya mayar da bayanta wurin kwana: gado, ɗan murhun gas, wurin wanke kwanuka, sai taga a rufi mai santimita 40 kowane gefe, wadda ake ɗagawa iska ta shigo. Kawu ya zo mana suna daga Kano, ni kuma na ci alwashin ba zai koma gida yana cewa Turai duk bulo ce da sanyi ba. Na ɗauko shi muka kama hanyar North Coast 500, wadda aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 2015, mai zagaye arewacin Sikotlan mil 516, daga Inverness ta dawo Inverness.

Ranar da yamma muka hau Bealach na Bà. A bakin hanyar akwai allo da ke gargaɗin masu manyan motoci, kuma gaskiyarsu: titi ne na mota ɗaya, yana lanƙwasa kamar maciji har ya kai mita 626 sama da teku. Da na gaya wa Kawu sunan yana nufin mashigin shanu da yaren Galik, don ta nan makiyaya ke koro dabbobinsu a da, sai ya ce ashe burtali ne aka zuba wa kwalta. Bai sake magana ba har muka gangara, carbi kawai yake ja. Muna sauka ruwa ya kece, irin na yammacin Sikotlan da iska ke kaɗo shi a karkace.

Da asuba na kawo uzuri. Na ce ai gumin mota ne, mun dafa shayi da gas, mu biyu muna numfashi, tururi ya taru a jikin roba. Hakan na faruwa ƙwarai a irin waɗannan motoci. Kawu ya kai yatsa kusurwar tagar, ya duba, ya nuna mini ruwan ya yi ja-ja kamar shayi.

"Gumi ba ya zuwa da launi," in ji shi. "Wannan ta cikin katako ya bi."

Kawu kafinta ne, ya fi shekara talatin yana rufin kwano a Kano. Da na tuna haka tun farko, da na rufa wa kaina asiri. Amma ina da gam ɗin silikon a akwatin kayan aiki, na kuma ɗauko shi da niyyar lafta wa kusurwar da ke ɗiga. Ya riƙe mini hannu. Ya ce masu gida sun sha kiran sa cikin damina suna nuna masa tsakiyar ɗaki, in ya hau sai ya tarar ƙusar da ta yi tsatsa tana can kamu huɗu nesa. Ruwa yakan shiga nan, ya bi katako, ya je can ya ɗiga.

Haka muka tafi da kwanon sha a kan gado, ta Torridon da Gairloch. Wurare ne masu kyau, amma rabin hankalina na kan rufi.

Ullapool garin masunta ne a bakin Loch Broom, an kafa shi a 1788 saboda kamun kifi, daga nan kuma jirgin ruwa ke tashi zuwa Stornoway. Inda ake harkar jiragen ruwa ba a rasa maganin yoyo. Wani dattijo mai gareji ya ara mana tsani, ya kuma bar mu muka shigar da motar ƙarƙashin rumfarsa, don gam ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Shi ya ce in mayar da silikon aljihu, in sayi tef ɗin butil da wani gam mai suna Sikaflex.

Kafin a kwance komai, Kawu ya ce a cika masa butar alwala. Na hau, shi yana ciki yana kallo. Ya ce kada in sheƙa ruwan gaba ɗaya, in fara daga gefen da ya fi gangara, in jira, sannan in matsa. Baya shiru. Gefen dama shiru. Ina zubawa a gaba, ɓangaren direba, can sai na ji ya buga rufi: "Tsaya nan!" Ruwan a kusurwar baya yake ɗiga, amma ta gaba yake shiga.

Dalilin bai ɓoyu ba da muka cire murfin ciki, muka kwance sukurori, muka ɗaga tagar. Rufin irin wannan mota ba shafaffe ba ne, yana da tudu da kwari kamar kwanon gida. Gindin tagar kuwa a miƙe yake. Duk inda ya haye kwari akwai rata, wanda ya kafa ta kuma silikon na banɗaki ya cusa a ratar. Rana ta dake shi, sanyi ya dake shi, girgizar hanya ta ƙarasa, ya saki ƙarfen. Da yatsa biyu na zaro shi kamar taliya. Firam ɗin katakon da ke ciki ya yi baƙi a kusurwa ɗaya, amma da Kawu ya soka masa sukudireba bai nutse ba, ya ce zai rayu in ya bushe. Mai gareji ya ba mu hita.

Kankarewa ita ta cinye wunin. Sabon gam ba ya manne wa ragowar silikon, ko da ɗan maiƙonsa ne, don haka sai da muka goge har fenti ya fito fes, da wuƙar roba don kada mu karce shi mu gayyato tsatsa, sannan muka wanke da sifirit. Ana cikin haka iska ta tsaya, ƙananan ƙudajen nan masu cizo da suke kira mij suka taso mana. Sun fi sauro ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma a gungu suke zuwa, har cikin kunne. Kawu ya naɗe fuska da rawani, ya ce shi dai sauron Kano ya fi mutunci, ko ba komai yakan yi sallama.

Butil ɗin danƙo ne mai laushi da ba ya ƙafewa, yana miƙewa tare da ƙarfe in zafi ya zo, ya dawo in an yi sanyi. Muka jera shi ninki-ninki a cikin kwarin har ya zo daidai da tudun, sannan layi ɗaya ya zagaye ramin ba yankewa, muka haɗa bakinsa ta baya inda iska ba ta dukansa. Wajen ɗaure sukurori Kawu ya karɓi sukudireba. Ni da na ƙulle su tamau, roba ta tsage. Shi kuwa ɗai-ɗai yake bi, wannan kusurwa sannan mai fuskantarta, rabin juyi, har danƙon ya ɗan leƙo ko'ina daidai. Daga ƙarshe na zagaye gefen da Sikaflex, ya bi da yatsa ya lailaye. Mai gareji ya hau ya duba, ya tambaye ni kamfanin da Kawu ya yi wa aiki. Na fassara. Kawu ya ce a gaya masa damina ce.

A rumfar muka kwana don gam ɗin ya kama. Washegari muka haye gadar Kylesku muka isa Durness, muka leƙa kogon Smoo. Ƙarshen Yuni ne, rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe goma, Kawu na ta duba agogonsa yana jiran magariba kamar mai azumi. Cikin dare hadari ya taso daga teku, motar har rawa take. Ya tashi ya ɗauko kwanon shan nan ya ajiye ƙarƙashin tagar, bai ce da ni komai ba, ya koma ya kwanta.

Da safe ya ɗaga kwanon ya kifa, ya duba, ya miƙo mini.

"Ungo, dama mana koko a ciki."