Fanshon da na taɓa kafin lokacinsa a Ingila

Ina da shekara 61 gwiwata ta ƙi tsayuwar dare. Aikin gadi nake yi a wani rumbun ajiyar kaya a gabashin Landan, sai aka rage mini kwanaki zuwa biyu a mako. Albashin ya kasa kai mu ƙarshen wata, dole ni da mai ɗakina muka nemi tallafin gwamnati da ake kira Universal Credit.

Ina da ɗan asusun fansho na wurin aiki, irin wanda doka ta fara tilasta wa kamfanoni su buɗe wa ma'aikatansu daga 2012. A ƙasar nan mutum na iya taɓa shi da zarar ya kai shekara 55, za a mayar da ita 57 a watan Afrilun 2028. Sai na yi lissafin da na ga ya dace: in riƙa cire fam 200 duk wata, mu haɗa da tallafin, mu biya wuta da iskar gas ba tare da fargaba ba. Ban tambayi kowa ba. Na cike takarda, kuɗi suka fara shigowa, na kuma sanar da hukuma kamar yadda aka shardanta.

Ranar da bayanin tallafin watan ya fito ina zaune a kicin, shayi na huce a gabana. Na buɗe waya, sai na ga tallafinmu ya ragu da fam 200 cif-cif. Mai ɗakina ta karɓi wayar ta duba sau biyu, ta ce, "Maigida, ai kuɗin tsufanka kake ci, kuma ko sisi bai ƙaru a gidan nan ba." Gaskiya ta faɗa, kuma maganar ta tsaya mini a rai.

Wata uku ana haka kafin na samu zama da wata mai ba da shawara a Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta. Ta ɗauki biro da farar takarda ta warware mini. Idan albashi ne, fam ɗaya da ka samu ana rage maka kwabo 55 daga tallafin, saura naka. Amma fansho ba a lissafa shi a matsayin kuɗin gumi, don haka fam ɗaya na cinye fam ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, muddin ban kai shekarun fanshon gwamnati ba, kuɗin da ke kwance cikin asusun ba a ƙirga su ko kaɗan. Ni ne da hannuna na fito da su inda za a gan su. Allah ya taimake ni ban sayi fanshon nan na har abada ba, wanda in ka sa hannu babu komawa baya. Nawa irin wanda ake iya tsayarwa ne, kuma a makon na tsayar.

Na kuma gaya mata niyyata ta cire fam 9,000 a dunƙule don kayan ɗakin 'yarmu a Kano. Wannan, in ji ta, ajiya ake ɗaukarsa. Ƙasa da fam 6,000 ba a kula shi. Daga nan zuwa 16,000, kowane fam 250 na rage fam 4.35 a wata, in ya wuce 16,000 tallafin ya yanke gaba ɗaya. Fam 9,000 ɗin nan nawa zai ci mana fam 52.20 duk wata. Kuma aika kuɗin gida ba lalle ya fisshe ni ba, domin in aka ga mutum ya rabu da dukiya don ya ci gaba da karɓar tallafi, ana iya lissafa ta kamar tana hannunsa. Wannan ya yi mini nauyi, don a wurinmu kayan ɗaki haƙƙi ne a wuyan uba. Muka rage hidimar, 'yan'uwa suka kama.

Sauran abin da ke gabana shi ne tazarar shekaru. Fanshon gwamnati zai fara zo mini a 67, kuma ba cikakke ba, tunda cikakken na buƙatar shekara 35 na biyan inshorar ƙasa, ni kuwa da girmana na zo. Na sa rai Pension Credit, tallafin da ake ba tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, zai cike giɓin. Ashe tun 15 ga Mayun 2019 sai miji da mata duk sun kai shekarun kafin su nema, mai ɗakina kuwa na girme ta da shekara takwas. Za mu zauna kan Universal Credit, a riƙa cire fanshona daga ciki fam bisa fam, har ita ma ta kai shekarun.

Yanzu na yi rajistar ganawa da Pension Wise, shawarar kyauta da ake ba mai irin asusun fanshona da ya kai shekara 50. Na roƙi mai ɗakina ta zauna kusa da ni ranar, da littafinta na lissafin cefane.